Mariƙi

Ni baduku ne, a Maɗunka aka yanke min cibi.
Jar akuya na sani, da bagaruwa, da karan dafi.
Ban san tanis ba sai da Tumba ta tasa
ta mai da bangon shagona abokin gaba,
tim, tim, daga la'asar har kiran magariba,
yaɓe na zuba kamar ana tankaɗe.

Ran da takarda ta zo, an sa ta cikin biyar
da za su riƙe wa ƙasa tuta,
ban ce uffan ba. Na karɓi raket ɗin,
na kware baƙar robar kanti,
na yanko fata siririya daga gadon baya
inda ƙaya ba ta taɓa karta ba,
na naɗe mariƙin, na kama bakin da basilla.
Ta ce, "Baba, dariya za su yi min."
Na ce, "Su yi. Gumi zai raba gardama."

Bazara ce, mangwaro ya cika baro.
Su suna wani birni a bakin teku,
mu muna zaure, riga a kafaɗa, iska ta yi yaji.
Modi ɗan maƙwabcina ya jingina waya da tulu
yana koya min ƙidayarsu:
sha biyar, talatin, sai kuma arba'in.
Da haka nake wa mai sayen alabe lissafi
da tuni na kwana gaban alƙali.

Na duba fili, babu ita.
Ebiere ce ke bugu, doguwa kamar giginya.
Tumba na benci, tawul a wuya, gorar wata a cinya,
tana tafi.
Kwana huɗu, ƙasa huɗu, tana tafi.

Da damina suka sake tashi.
Rima ya cika yana lasar gadar Kwalkwalawa,
sabis ya ɗauke, sai lambobi Modi ke karanto min
kamar mai sanar da kuɗin hatsi.
An ci biyu, an sha kashi ɗaya. Ita dai benci.
A majema wani ya ce,
"Ashe yawon buɗe ido 'yar taka ta tafi?"
Na juya takalmin da ke hannuna, na nuna masa ciki.
Akwai ɗinkin da ba a gani,
ka warware shi ka ga ko za ka kai gida.
Na faɗa da ƙarfi. Da dare kuwa ban yi barci ba.

Sai kaka, an fara yankan gero,
karon da za a hau ko a zauna.
Ɗaya da ɗaya, saura wasan bibbiyu.
Ngunan ta gurɗe a idon sawu.
Ina tsakar fiƙe aska Modi ya ƙwalla,
"Baba, taho, ga ta nan!"

Gilashin wayar a tsage yake, mutane kamar tururuwa.
Ban ga fuskarta ba.
Ja na gani,
ɗigon ja yana kai da kawo a gaban raga,
yana tare abin da ya fi ƙarfin Ebiere.
Awa biyu. Shayina ya huce, ƙuda ya yi wanka ciki.

Ƙwallon ƙarshe ya dafa bakin raga,
ya tsaya kamar mai shawara,
ya faɗo wajenmu.
Modi ya kife wayar a tabarma.

Ta dawo ran Laraba a motar dare,
ta rame, murya a dishe.
Fatar ta yi baƙi, ta ɗauki sawun yatsunta huɗu,
amma ɗinki bai motsa ba.
Na buɗe baki in yi mata jaje,
sai ta zuge jaka ta ajiye raket biyu.
"Wannan na Ebiere ne.
Ta ce irin nawa, amma a ƙara kauri,
hannunta ya fi nawa faɗi."

Na tashi na shiga zaɓen fata.